Farantan Sola a Cikin Kayan Godiyar Kaka

Akwai ranar da na so in manta da ita, ta ƙi mantuwa: Lahadin godiyar kaka a majami'armu, cikin watan Nuwamba na shekarar da ta gabaci zaɓe. Ba ranar aiki ba ce, amma a ranar ce aikin ofis ya biyo ni har gaban bagade, wato teburin da ake miƙa wa Ubangiji baiko. Ku da aka turo sashenmu kwanan nan, ina ba ku labarin ne don ku san irin hanyoyin da ake bi a zo wa ma'aikaci. Ba zan kama sunan wani mai muƙami ba, kuma duk inda kuka ji na ce "ina jin" ko "wataƙila", to iyakar abin da na sani ke nan.

Sunana Istifanus, ni ɗan Filato ne. Bautar ƙasa ce ta kawo ni Dutse, da na gama aka riƙe ni a wata hukuma mai haƙa rijiyoyin burtsatse a karkara. Jami'in duba aiki nake a lokacin, a mataki na takwas, wato inda ake ajiye mai digiri har ya koyi yin shiru. Ga wanda bai san aikin ba, sau biyu muke zuwa kowane wuri. Zuwan farko, lokacin da ɗan kwangila ya kawo kaya ne: tanki, injin jan ruwa, da farantan sola waɗanda ke ba injin wuta. Jami'i ya duba su, ya ɗiga fenti rawaya a kusurwar bayan kowane faranti, ya ɗauki hoto. Zuwa na biyu kuwa sai ɗan kwangila ya ce ya gama. Jami'i ya murɗa famfo da hannunsa, ya ga ruwa da idonsa, sannan ya sa hannu a takardar shaidar kammala aiki. Ba a biyan ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai da wannan takarda. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, da zarar ka sa hannu, ƙauyen ya shiga sahun masu ruwa. Ko shekara nawa za su yi suna kuka, amsar ofis ɗaya ce: ai an yi muku.

Ƙauyen da nake magana a yankin Buji yake. Matansa da 'yan mata rijiya mai nisa suke zuwa, in rani ya yi nisa kuma sai su koma yasar ƙasan tafki. Zuwana na farko, a ƙarshen damina, na tarar da komai a wurinsa, farantai a jere kan ƙarfensu suna sheƙi. Na ɗiga fentina, na ɗauki hotona. Da na koma zuwa na biyu, tanki yana sama, famfuna suna ƙasa, ƙarfen da ke riƙe farantan kuwa yana tsaye fayau kamar gadon da aka ɗauke wa katifa.

Mai unguwa, wani dattijo mai magana a hankali, ya ce mini, "Malam, ai bayan hotonka da 'yan kwanaki yaran ɗan kwangila suka zo da mota suka kwance su. Wai za su adana mana kada ɓarayi su sace."

Na ce, "Baba, ba ku hana ba?"

Ya ce, "Mu hana? Godiya muka yi da suka riga ɓarayin."

A takarda, wani kamfani ne ya karɓi aikin, tare da na wasu ƙauyuka da ke yankin. A baki kuwa, tun daga masinja har direba kowa a ofis ya san na wani Honarabul ne. Ni ban ga takardar da ta faɗi haka ba, don haka ina faɗa muku ne yadda aka faɗa mini.

Na kai rahoto wa Darakta. Ya karanta yana gyaɗa kai, sannan ya cire tabarau.

"Istifanus, tanki yana nan?"

"Yana nan, ranka ya daɗe."

"Famfuna fa?"

"Suna nan. Sai dai ba ruwa."

"To ai ruwa na Allah ne. Mu kayan aiki muke dubawa." Ya tura mini fayil ɗin. "Ban ce ka sa hannu ba. Na ce ka je ka yi tunani."

A irin ofisoshinmu babba ba ya ba da irin wannan umarni. Tunani yake sa ka, kuma yawanci ya riga ya san abin da tunanin zai haifa.

Ina cikin tunanin sai ga baƙo a gidana a unguwar Takur, wani mai suna Gidiyon. Aikinsa, kamar yadda ya gabatar da kansa, shi ne taimaka wa Honarabul kan hulɗa da Kirista. Honarabul Musulmi ne, zaɓe kuma ya matso, saboda haka aka tuna muna da ƙuri'a. Gidiyon yana zuwa ɗaya daga cikin sababbin majami'un nan inda ake auna bangaskiyar mutum da motar da ya zo da ita. Ya kira ni ɗan'uwa tun daga ƙofa, ya yi addu'a mai tsawo, ya ajiye ambulan kusa da kofin shayi. Na mayar masa. Ban ce tsarki ne zalla ya sa ba. Ni mutum ne da ko biron ofis na manta a aljihu sai in kasa cin abinci sosai.

Bai ji haushi ba. Ya dubi kujerun falona, ya dubi rufin, ya ce, "Ɗan'uwa, talauci ba baiwar Ruhu ba ce. Allahnmu mai arziki ne, me ya sa 'ya'yansa za su zauna a kan irin wannan kujera?" Daga nan ya shiga tambayata wace majami'a nake zuwa, wane ne fastonmu, mene ne damuwarmu. Na ɗauka hira ce, na amsa masa.

Majami'armu 'yar ƙarama ce. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan jinya, da 'yan sanda, da masu shaguna, mutanen Filato da kudancin Kaduna da Binuwai, da Hausa muke sujada. Rufin kwano ne ba silin. A watan Afrilu mutum yakan ji wa'azi a kan wutar lahira ya fahimta ba tare da an yi masa dogon bayani ba. Shekaru muka yi muna roƙon Ubangiji ya ba mu sola don fankoki da lasifika, kuma a matsayina na sakataren kwamitin gini, ni nake tashi in tuna wa jama'a wannan roƙo.

Ranar godiyar kaka kowane iyali yakan taho da abin da ya samu, yana rawa tun daga ƙofa har gaban bagade, mata na kaɗa tulu da caki. Wani buhun gero, wani doya da aka aiko masa daga gida, wata kaji, wani ɗan akuya da ba ya son rawa. In an gama, fasto ya ɗora hannu ya yi addu'a. Daga wannan lokaci kaya sun zama na Ubangiji, ba mai mayar wa wanda ya kawo. Wannan kowa ya sani, har Gidiyon.

Ana cikin rawar muka ji a-kori-kura ta tsaya a waje. Samari suka fara shigowa da farantan sola, kowane an ɗaura masa jan ƙyalle, Gidiyon a gaba cikin farar shadda yana rawar da ta fi ta kowa. Ya karɓi makirufo ya ce Honarabul, ko da yake ba addininmu ɗaya ba, ya ji kukanmu, ya kuma ba da wannan kyauta ne albarkacin ɗanmu Injiniya Istifanus, wanda ya kai masa damuwar ikkilisiya.

Ni ban taɓa ganin Honarabul ba sai a jikin bango. Amma guɗa ta riga ta tashi. Wani ya ɗaga hannuna sama, wata tsohuwa ta share mini gumi da bakin zaninta. Mutanen da suka yi shekaru suna ce mini Istifanus kawai suka koma "Injiniya". Fastonmu, wanda muke kira Baba Fasto, tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya. Ya dubi kayan, ya dube ni, ya ce a sunkuya a yi addu'a.

An jingina farantan ne da bagade, bayansu na fuskantar bencin da nake zaune. Kowa ya rufe ido, nawa suka ƙi rufuwa. A kusurwar kowane faranti akwai ɗigon fenti rawaya. Na gaya wa kaina ba ni kaɗai nake da fenti rawaya a Jigawa ba. Na kuma gaya wa kaina wataƙila wani jami'in ma da hannun hagu yake ɗigawa kamar ni, fentin ya ɗan zubo ƙasa kamar nawa. Kafin in gama lallashin kaina aka ce amin.

A waje Gidiyon ya rungume ni, ya yi magana kusa da kunnena. "Ka gani, ɗan'uwa? Ba ambulan, ba abin da ya shiga aljihunka. Lamirinka fes. Fayil ɗin yana teburinka, ko? Zan leƙo cikin mako."

Na ce, "In kuma na ce a mayar muku da kayanku?"

Ya yi dariya. "An riga an miƙa wa Ubangiji. Kai za ka je ka ƙwato daga hannunsa?"

A nan na gane inda aka ajiye ni. In na ƙi sa hannu, ni ne butulun da aka yi wa majami'arsa alheri ya saka da sharri, kuma duk Dutse za a ce ai ya karɓa, ƙari yake nema. In na sa, mutanen ƙauyen can sun sami ruwa a takarda, shi ke nan.

Bayan sujada dattawan ikkilisiya suka zauna a inuwar darbejiya don tsara inda za a kafa kayan. Na nemi izinin magana. Ina jin na yi dogon zagaye, na ce mai yiwuwa, na ce ban tabbatar ba, na ce Allah ne masani, amma dai a ƙarshe na faɗa: waɗannan farantai, a iya ganina, na rijiyar wani ƙauye ne da ba su da ruwa.

Dattijo Amos, ma'ajinmu, wanda ya riga ya fara auna rufi da ido, ya juyo. "Istifanus, shekara nawa kana tashi kana sa mu addu'ar sola?"

"Da yawa, Baba."

"To Ubangiji ya amsa. Kai kuma ka zagaya bayan amsar kana neman fenti. Ka taɓa ganin wanda aka amsa wa addu'a ya tsaya tambayar rasit?"

Wasu suka yi dariya. Wani ya ce ai kuɗin gwamnati kuɗinmu ne, mu ma muna biyan haraji. Wani ya ce gara kayan su yi wa Allah aiki da su kwana a gidan gonar ɗan siyasa. Wani kuma ya ce da ma addu'a tana tsarkake komai. Ban taɓa sanin muna da masana tauhidi da yawa haka ba sai ranar da aka kawo mana abin da muke so.

Baba Fasto ya bari kowa ya gama faɗin tasa. Sannan ya ce, "Ni ban san fenti ba, kuma ba ni da ikon bincikar Honarabul. Tambaya ɗaya gare ni. Kayan nan, tare da me suka shigo?"

Wani ya ce, "Tare da doya da kaji."

"Yau kuma wace rana ce?"

"Godiyar kaka."

"To kayan kaka ne. A kira mini Mama Rifkatu."

Sai a lokacin muka tuna rabin al'adar da muka manta. A majami'armu, tun zamanin waɗanda suka kafa ta, kayan godiyar kaka ba sa komawa ga mai su, amma kuma ba sa zama a majami'a. Kafin Lahadi ta zagayo, ƙungiyar zumuntar mata take rabar da su kaf ga gwauraye mata, da marasa lafiya a asibiti, da 'yan gidan yari. Ko ƙwai ɗaya fasto ba ya ɗauka. Duk mun san haka. Abin dai shi ne ba a taɓa kawo mana abin da ya kai a manta da doka saboda shi ba.

Dattijo Amos ya miƙe tsaye. "Baba Fasto, doya daban, sola daban. Iyayenmu da suka kafa dokar nan sun san sola?"

"Ba su sani ba. Amma sun san mu." Baba Fasto ya goge wuyansa da hankici. "Amos, ni ma ina jin zafin nan, ni nake tsayawa kusa da kwano fiye da kowa. Ban ce sola zunubi ba ne, ban kuma ce talauci ibada ba ne. Amma in muka kafa kayan nan, duk Lahadi zan tsaya in yi wa'azi a kan sata Honarabul yana yi mini fifita. Ban san yadda bakina zai buɗe ba."

"Bangaskiya ba ta hana gumi."

"Ba ta hanawa. Ba a kuma yi mana alkawarin za ta hana ba."

Mama Rifkatu, shugabar zumuntar mata, tsohuwar ungozoma ce da ta karɓi haihuwar rabin yaran majami'ar, don haka ba mai ɗaga mata murya. Ta saurari bayani tana ɗaure kallabi. Ta ce gero da doya ta san inda za ta kai, amma wannan gilashin ba gwauruwar da za ta dafa shi. Ta juyo gare ni. "Ɗana, ka ce akwai inda mata ke yasar tafki? To can za su."

Dattijo Amos ya ce, "Mama, ƙauyen nan ko Kirista ɗaya babu."

Ta ce, "Bara da muka kai gero gidan yari, addinin wa ka tambaya? Ko don gero ba ya juya fanka?"

Ba a kaɗa ƙuri'a ba, domin rabon kayan kaka ba hurumin dattawa ba ne. Na lura dai wasu sun tafi gida ba su yi mini sallama ba, kuma kafin yamma na koma Istifanus kawai.

A tsakiyar makon muka tafi. Na ɗauki hutun yini a ofis, na bar katin aikina a gida, don kada wani ya ce hukuma ce ta kai. Mata suka cika a-kori-kura cikin zanin zumunta, farantai a tsakiya an kare su da katifu, da wani mai haɗa sola da muka ɗauko a unguwar Yalwawa. Mai unguwa ya fito tare da liman. Mama Rifkatu ta gaishe su, ta ce daga majami'a suke a Dutse, sun kawo abin da Allah ya hore na kaka.

Mai unguwa ya leƙa cikin motar, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ikon Allah. Ai waɗannan mun san su, sun taɓa kwana a nan." Ya dube ni ya ƙara da cewa, "Malam, har coci suka je? Sun fi mu yawo."

Kafin a gama ɗaura su ya aika aka kira mai walda daga kasuwa. Ya ce a manne kowane faranti da ƙarfensa yadda duk mai son adana musu sai ya zo da injin yanka. Da rana ta ɗan karkata injin ya ja, tanki ya fara ɗauka, aka murɗa famfo. Ruwan farko ja ne, daga baya ya washe. Liman ya yi addu'a, matan zumunta suka ce amin tare da kowa, aka kawo mana fura.

Washegari Gidiyon ya kira ni a waya. Ranar bai ce ɗan'uwa ba.

"Wace irin majami'a ce taku da ba ta iya riƙe albarka? A wurinmu in ka kawo abu, zama yake yi. Fasto ma ya fara ɗauka."

Na ce, "Da wata Lahadin ka kawo, ina jin da sun zauna."

Ya kashe wayar. Wataƙila a lokacin ya tuna cewa shi ya zaɓi ranar, don ita ce ranar da majami'a ta fi cika.

Na koma ƙauyen a hukumance, da motar ofis da katin aiki, na murɗa famfo, ruwa ya zubo. Na rubuta bayani na liƙa a fayil cewa kayan sun dawo ne ta hannun wasu masu kyauta, ba ta hannun ɗan kwangila ba. Darakta ya karanta.

"Ruwa yana fita?"

"Yana fita, ranka ya daɗe. Sai dai ba ɗan kwangila ne ya..."

"Takardar ta tambaye ka wa ya kawo?"

"Ba ta tambaya ba."

"To, ka ga amfanin tunani."

Na sa hannu, domin abin da takardar ta ce gaskiya ne. Bayanin da na liƙa kuwa, da na sake ganin fayil ɗin ba ya ciki. Mai yiwuwa gam ɗin ne bai kama sosai ba.

An biya kamfanin cikon kuɗinsa. Honarabul ya je ƙauyen da 'yan jarida ya yanke ƙyalle, aka yaba masa bisa kawo ruwa, kamar yadda aka yaba masa a majami'a bisa kawo wuta, duk a kan farantai guda. Na daɗe ina mamakin lissafinsa, tunda da ya bar kayan a inda suke tun farko da ya sami hannuna kyauta. Daga baya na gane ba hannu ɗaya ake saye ba. Sauran ƙauyukan da ke cikin kwangilar duk ta teburina za su bi, saboda haka mutumin ake so gaba ɗaya, a biya sau ɗaya a huta.

Ba a yi mini faɗa ba, ba a ba ni takardar tuhuma ba. An kira ni an ce hukuma ta lura da tsantsenina, ta ga bai kamata a ɓata irin wannan baiwa a yawon ƙauyuka ba, aka mai da ni sashen horar da ma'aikata.

Abin da na koya, in har na koyi wani abu, shi ne mai ƙin ambulan bai tsira ba tukuna. Masu wannan harka suna da haƙuri, za su zauna a falonka su sha shayinka har su gano abin da kake roƙon Allah a kai, sannan su kawo maka shi a gaban mutanen da kake jin kunya. Wanda majami'a ce za a bi ta majami'a, wanda masallacin unguwa ne ko makarantar mahaifinsa za a bi ta can. Na kuma koyi cewa raina dukiya abu ne mai sauƙi muddin ba a sauke ta a ƙofarka ba. Ranar da aka sauke mana, ba ƙarfin halina ne ya fitar da mu ba, tsohuwar doka ce da wasu talakawa suka kafa saboda doya, da tsofaffi biyu da suka ƙi yi mata kwaskwarima. Ku kuwa ba lallai ne ku sami irinsu a kusa ba, don haka ku murɗa famfon da hannunku kafin ku ɗauki biro.

Sauran ƙauyukan wani jami'in aka ba ya duba, ya kuma gama cikin sauri, aka yaba masa. A takarda yau dukkansu suna da ruwa. Ban je ba, saboda haka ba zan ce ba su da shi ba.